LAFIYA UWAR JIKI: Kada a Zubar da Karan Ma'adanus

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani ganye da kowace uwargida a Tamanhint da Sabha ta san shi, wato ma'adanus. Da wuya a dafa shurba a gidan Balibiye, musamman a watan azumi, ba a yayyanka shi an zuba ba. Mu ma da muka taso da zogale da rama da lansir mun koyi amfani da shi. Sai dai yawancinmu ƙamshinsa kawai muke nema. Mukan tsinke ganyen, mu watsar da karan, mu bar sauran ya dahu har ya yi baƙi a tukunya. Wannan asara ce.

Asalin ma'adanus daga ƙasashen bakin Bahar Rum ne, kuma yana son sanyi, shi ya sa ya fi yawa da araha a kasuwa lokacin hunturu. Masana abinci sun auna cewa a cikin giram 100 na ɗanyensa akwai kimanin miligiram 133 na bitamin C. Lemon zaƙi mai wannan nauyi yana da kimanin 53 ne kacal. Akwai kuma sinadarin ƙarfe kimanin miligiram 6, wanda jiki ke bukata wajen yin jini, ga bitamin A mai taimakon ido, ga bitamin K mai yawan gaske wanda ke sa jini ya daskare idan an ji rauni.

To, ina ruwanmu da waɗannan alƙaluma? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kusan kashi 30 cikin 100 na matan duniya masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini. Alamunsa sanannu ne: kasala, jiri, haki, da fari a cikin fatar ido. Ƙarfen da ke cikin ganyaye da wake ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama, amma bitamin C na taimaka masa ya shiga. Ke nan, ɗanyen ma'adanus a kan wake ko adas ya yi wa magidanci mai ƙaramin ƙarfi amfani biyu.

Amma fa bitamin C ba ya jure wuta. In an bar ganyen ya daɗe yana tafasa, mafi yawansa ya tafi. Saboda haka uwargida ki raba damin biyu. Karan ki yanka shi ƙanana ki soya tare da albasa tun farko, domin ya fi ganyen jure zafi, yana da ƙamshi mai ƙarfi, kuma zarensa na taimakon hanji. Ganyen kuwa sai an sauke tukunya a barbaɗa. Wanda ya fi duka shi ne a yi kwaɗonsa kamar yadda ake kwaɗon lansir a Kano: ganye da kara masu taushi, tumatir, albasa, garin ƙuli-ƙuli da ɗan lemon tsami. A wanke shi sosai da ruwa mai tsabta kafin a yanka, sauran kuma a naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle, don zafin Fezzan ba ya barin ganye ya kwana biyu.

Sai maganar shayi. Mun san nan ƙasar ba a gama cin abinci sai an ɗora buta. Shayi mai kauri yana hana ƙarfen ganye shiga jiki idan an sha shi tare da abinci. A jinkirta shi kamar awa ɗaya, musamman ga mata da yara.

Gargaɗi guda biyu. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin kada ya ƙara yawan ma'adanus farat ɗaya ba tare da sanin likitansa ba, saboda bitamin K na rage ƙarfin maganin. Mai juna biyu ta ci shi a abinci kamar kowa, amma ta guji jiƙa shi da yawa ko shan man irinsa a matsayin magani. Wadda kuma alamun ƙarancin jini suka bayyana gare ta, ta je asibiti a auna jininta, ganye kaɗai ba zai wadatar ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. A huta lafiya.