Martani: Tun Kafin Tattara Alƙaluma Ake Tsara Hasashe

Marubucin da ya shawarci ɗalibai su fara tattara alƙaluma, sannan su ƙago hasashen da zai dace da su, ya ɗora su a kan hanyar ɓata. Hasashen babu-bambanci, wanda Ronald Fisher ya fayyace a littafinsa na 1935, shi ne da'awar da gwaji ke neman rushewa. Hasashen bincike kuwa, wanda Neyman da Pearson suka ƙarfafa matsayinsa a 1933, shi ne kishiyarsa. Wajibi ne a rubuta su biyun tun ba a ga sakamako ba. Dalili kuwa, a ma'aunin 0.05 da ake yanke hukuncin gwaji da shi, wanda ya gwada abubuwa 20 da ba su da wani tasiri, ana sa ran ɗaya zai fito kamar mai tasiri bisa dace kawai. In ya zaɓi wannan ɗayan ya kira shi hasashensa, ya yaudari kansa da masu karatu.

Marubucin zai ce ai alƙaluma kan tona abin da ba a zata ba. Gaskiya ne, amma abin da suka tona sabon zato ne, sai an gwada shi da sababbin alƙaluma. Alƙaluman da suka haifi hasashe ba za su zama shaidarsa ba.