Ra'ayinmu: Mai Lissafin Kaya Na da Makoma, Amma Ba a Farar Mota Ba

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a ƙarshen Yulin 2023, ɗan Nijar ya gane cewa a hanya ake yanke farashin kaya. Shinkafa da man girki da magunguna da ke shigowa ta tashar ruwan Kwatano sun koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin jerin manyan motoci da rakiyar soja, su sauka Yamai, sannan su kamo hanyar Maraɗi. Duk kwanan da mota ta yi a tsaye, matar da ke awo a kasuwar Kanambakashe ce za ta biya shi. Shi ya sa iyaye a yankin Mayahi da Tasawa ke tambaya: yaron da ya ci jarrabawar bak, ya dace ya karanci lojistik?

Aikin ba ɓoyayye ba ne. Mutum ne zai zauna da alƙaluma ya ce buhu nawa za a saya, a wane wata, ta wace hanya, a wane sito za a ajiye, kuma nawa za a yi asara in an makara. Babban ɗan kasuwa yana yin wannan da ka. Mai karatun yana yinsa da kwamfuta, yana kuma iya nuna wa wani yadda ya yi.

Masu cewa a karanta suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba sai sun je nesa ba. A yunwar 2005, jihar Maraɗi ce ta fi jin jiki, alhali hatsi bai ƙare a kasuwanni ba. Tsada ce ta fi ƙarfin talaka, agaji kuma ya makara. Ba fari kaɗai ya ja wannan ba, har da rashin sanin ina kayan suke da lokacin motsa su. Har yau manomi na sayar da gero da wake a kaka da arha don biyan bashi, ya dawo ya sayi geron nan da tsada cikin damina. Takin zamani kan iso bayan shuka ta wuce lokacin da take buƙatarsa. Wake da aka zuba a buhun da ba shi da leda ninki biyu a ciki, kafin bazara ka buɗe ka tarar ƙwaro ya huda shi ya bar gari a gindin buhu. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan asara ce da lissafi ke iya ragewa. Ma'aikatun da ke buƙatar mai wannan sani kuwa suna nan: OPVN mai kula da rumbun ƙasa da sayar da hatsi a farashi mai rahusa, ONPPC ta magunguna, SONIDEP ta man fetur, ga matatar SORAZ a Damagaram tun 2011. In layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka ɗora harsashinsa a Fabrairun 2021, ya kammala, za a ƙara neman masu lissafin kaya.

Sai dai mu faɗi gaskiya: ba OPVN ce ke jan hankalin yara ba. Farar motar ƙungiyar agaji ce. Shekara ashirin ke nan matasan yankin na ganin mai kula da sito na furoje ya gina gida, ya aurar da ƙanne, yana karɓar abin da ya ninka albashin malamin makaranta, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa jika 42 kawai a Janairun 2024. Wannan ƙofa ce ke ƙunƙuncewa. A Nuwamban 2024 gwamnati ta janye izinin ƙungiyar Acted, a Fabrairun 2025 ta sallami ƙungiyar Red Cross ta duniya, a shekarar kuma Amurka ta rushe hukumarta ta USAID da ke ɗaukar nauyin ayyuka da dama. Ko kafin haka, aikin furoje kwantiragi ne na shekara ɗaya ko biyu. Kuɗi na ƙarewa, aiki ya ƙare. Manyan muƙaman kuma a Yamai suke, ana neman Faransanci mai kyau, sau da yawa da Ingilishi, da shekarun gogewa da ɗan ƙauye ba shi da inda zai samo su.

Akwai wani cikas da ba a cika faɗa ba. Alhazan Maraɗi, waɗanda su ne ke motsa mafi yawan kaya tsakanin nan da Jibiya da Dawanau, ba su saba ɗaukar baƙo su buɗe masa littafinsu ba. Ɗa ko ɗan ɗan'uwa ke riƙe makullin sito, albashinsa kuwa ci da sha da alkawarin jari wata rana. Ba mu raina wannan tsari ba, domin ya gina dukiya tun zamanin gyaɗa. Amma tsari ne da ya dogara ga hanyar da aka sani, ga shi hanyar na sauyawa dare ɗaya. Wanda ya tara hatsi don kasuwar Najeriya ya ga haka a Oktoban 2024, da aka hana fitar da shi in ba zuwa Mali da Burkina Faso ba.

Matsayinmu shi ne: a karanta, amma kada a sayar da gona don a biya makaranta mai zaman kanta bisa tsammanin albashin furoje. Yaron da ya shiga fannin ya fara daga ƙasa, ya riƙe sito, ya ƙirga buhu, ya bi mota ya ga abin da ake biya a kowane shinge, ya iya Excel sosai. Takarda ba tare da wannan ba, ba ta sa alhaji ya saurare ka. Albashin farko zai yi ƙanƙanta. Wanda ya nuna a rubuce asarar da ya rage, shi ke da bakin neman ƙari.

Sauran nauyin na hukuma ne. Ma'aikatun gwamnati su riƙa cike waɗannan guraben ta gasar jarrabawa a bayyane, su kuma ajiye wasu a Mayahi da Tasawa maimakon tara su a Yamai. Bankunan cimaka da ƙungiyoyin manoma na Kanambakashe, in ɗaya ba za ta iya biyan ma'aikaci ba, goma za su iya haɗa kai su ɗauki mutum guda, da yarjejeniya a rubuce da kaso daga ribar da ajiyarsu ta kawo. Majalisar ƴan kasuwa ta Maraɗi kuma ta zauna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su tsara yadda ɗalibai za su yi sitaj a sitocin alhazai, daga kakar bana.