Sharhi: Tayar Akori-kura Jari Ce, a Auna Kuɗinta da Kilomita

Duk ɗan kasuwan da ke ɗauko doya daga ƙauyukan da ke kewaye da Zaki Biam a Jihar Binuwai, ko ɗan kwangilar da ke hawan tsaunin Mambilla da siminti zuwa Gembu, ya san cewa kwalta ba ta kai mutum har bakin gona. Rabin tafiyar motar akori-kura a ƙasar nan bisa burji take, da tsakuwa da rairayi, in damina ta sauka kuma sai laka. Amma duk da haka, da yawa daga masu waɗannan motoci suna kashe miliyoyin naira wajen sayen Hilux, sa'an nan su tsaya ciniki a kan mafi arahar taya da ke kasuwa. A wajen tayar nan ne riba ke zurarewa ba tare da an lura ba.

Dalilin tsadar taya ba ɓoyayye ba ne. Tun farkon shekarun 1960 ake ƙera taya a Nijeriya: Michelin a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja. A 2006 Gwamnatin Tarayya ta rage harajin shigo da tayoyin manyan motoci daga kashi 40 cikin ɗari zuwa kashi 10. Wannan ragi, haɗe da matsalar wutar lantarki, ya karya masana'antun biyu. Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya bi bayansa a 2008. Tun daga lokacin kasuwa ta dogara ga tayoyin ƙetare, yawancinsu daga ƙasashen Asiya. Don haka da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa fiye da naira 1,500 a cikin 2024, farashin taya shi ma ya bi ta. Ba abin mamaki ba ne da masu mota suka ƙara karkata ga tayar gwanjo, wadda aka fi sani da 'yar Beljiyam, ko da yake tana cikin jerin kayayyakin da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su, in ban da manyan tayoyin da ake kawowa domin sake musu zane.

To sai dai araha ba ta ado. Abin da mai mota ke saye a jikin taya shi ne kilomita, kuma da kilomita ya kamata a yi lissafi. A ɗauka, alal misali, sabuwar taya ta kai naira 180,000 kuma ta yi tafiyar kilomita 60,000 kafin ta suɗe. Kowane kilomita ya tashi a naira 3. A ɗauka kuma ta gwanjo naira 60,000 ce, ta yi kilomita 12,000. Kowane kilomita ya tashi a naira 5. Waɗannan alƙaluma misali ne kurum, kowa ya sa nasa daga littafin ajiyarsa. Ko a cikin misalin ma ba a haɗa da kuɗin mai faci ba, da yinin da mota ta ɓata a daji, da tumatur ko kifin da ya lalace kafin a isa kasuwa, balle ran direba da na yaron mota in taya ta fashe ana cikin gudu.

Tayar da ta dace da irin wannan aiki ita ce wadda ake rubuta wa A/T a gefe, wato mai tafiya a kowace irin ƙasa. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ne ya fito da irinta mai ƙirar radiyal a 1976, yanzu kuwa kusan kowane babban kamfani yana da tasa. Zanenta ya fi na tayar kwalta zurfi da faɗin gurbi, gefenta kuma ya fi kauri, saboda haka tana jure kaifin dutse da kututture. Amma tana da nauyi, tana ɗan ƙara shan mai, tana kuma da ƙara a kan kwalta. Wanda duk aikinsa a cikin Legas ko Abuja yake, tayar kwalta mai alamar H/T ta fi masa riba, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ita kuwa mai alamar M/T ta laka ce zalla, tana saurin cinyewa a kan titi.

Bayan nau'i sai ƙarfin ɗaukar kaya, wanda a nan ne aka fi yin kuskure. Tayar aiki tana ɗauke da harufan LT kafin lambar girmanta, ko harafin C a bayanta, kamar 205R16C. Lambar da ke biye ita ce ma'aunin lodi: 110 na nufin kilo 1,060 a kan taya guda, 112 kilo 1,120, 121 kuwa kilo 1,450. Nauyin motar kanta yana cikin wannan lissafi, kuma tayoyin baya su ne ke ɗaukar mafi yawan kayan. Wanda ya ɗaura tayar jif ta hawa ya kuma lafta mata buhunan masara, shi ya kira fashewa da kansa. Haka nan kuma ƙarancin iska yana sa gefen taya ya riƙa lanƙwashewa har ya ɗau zafi, musamman a watannin Maris da Afrilu. Awon iska da safe ya kamata a yi shi, kafin taya ta ɗumama, bisa adadin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba.

Akwai kuma shekaru. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan harufan DOT suna nuna mako da shekarar ƙira: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar wa'adin taya a matsayin shekara huɗu daga ranar ƙira. Roba tana bushewa ko ba a taka ta ba, don haka taya na iya zama da zane mai kyau alhali ta tsufa a sito. Bugu da ƙari, a 2017 Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta ƙwace ɗimbin tayoyi a Legas waɗanda aka cusa wasu a cikin wasu domin rage kuɗin dako, abin da ke lanƙwasa wayar bakin taya tun kafin a ɗaura ta. Mai saye a Ladipo ko Nkpor ya dace ya duba bakin tayar da idonsa, ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar ƙira.

Gwamnati ma tana da nata alhakin. Jihohin Edo, Delta, Ondo da Kuros Riba suna noman roba, akwai kuma cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin, amma ɗanye ake fitar da ita a dawo da ita taya da dala. Sai an samu tsayayyar wuta da tsarin haraji da ba ya canjawa dare ɗaya kafin wani mai jari ya sake kafa masana'anta. Kafin nan, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu motocin dako za su iya haɗa kuɗi su riƙa sayen taya a sari kai tsaye daga dilan da kamfani ya amince da shi, kowane mai mota kuma ya buɗe littafi yana rubuta ranar da ya ɗaura taya da adadin kilomitar da ke agogo. Bayan damina biyu, littafin zai nuna masa wace taya ce mai araha.