Likitan motsa gaɓoɓi a Amurka: karatu cikin aji ko karatu daga gida?

A ƙasar Amurka, duk matashin da yake son zama likitan motsa gaɓoɓi, wato wanda ake ce ma kine a asibitocin Yamai da Maraɗi da Damagaram, dole ne sai ya kai digirin dokta kafin ya samu izinin aiki. Wannan digiri ya bambanta da na malaman jami'a masu rubuta kundin bincike. Digiri ne na sana'a, ana kiran shi DPT a taƙaice. Bayan shekara 4 na karatun farko a jami'a, sai ɗalibi ya ƙara shekara 3. Jami'ar Creighton ta birnin Omaha ce ta buɗe shi a 1993, kuma tun daga 2016 hukumar da ke tantance makarantun wannan sana'a, wato CAPTE, ba ta amincewa da digirin da bai kai shi ba.

Da can hanya guda ce. Ɗalibi ya tattara kayansa, ya kama ɗaki kusa da jami'a, kullum ya yi sammako zuwa aji. Yanzu kuwa an samu hanya ta biyu, wadda ake iya kira karatun gami: ɗalibi yana gidansa, yana ɗaukar darasi ta intanet, sa'an nan lokaci lokaci ya hau jirgi ko mota zuwa makaranta, ya yi kwanaki a jere yana aikin hannu daga safe har maraice, ya koma gida. South College ta birnin Knoxville, cikin jihar Tenesi, ta soma irin wannan tsari a 2015. Jami'ar Baylor ta Teksas da Jami'ar Kudancin Kaliforniya sun biyo a 2018. Annobar korona ta 2020, wadda ta rufe azuzuwa ko'ina, ta ƙara ma tsarin karɓuwa. Digirin da ake samu a ƙarshe iri ɗaya ne, hukumar da ke tantancewa ɗaya ce, jarrabawar ƙasa ma ɗaya ce. To, wace hanya ta fi dacewa?

Dole a ba karatun gami hakkinsa. Amurka ƙasa ce mai faɗi, kuma likitocinta sun taru cikin manyan birane, karkara kuwa tana fama da ƙaranci. Wanda ya bar ƙauyensu shekara 3 ya zauna birni, sau da yawa can yake samun aiki, can yake aure, ƙauye bai ƙara ganin shi sai ranar biki. Jami'an da suka taɓa tura sabon ma'aikaci wani gari mai nisa sun san wannan matsala tun ba yau ba. Idan ɗalibi ya yi karatu yana cikin danginsa, ya yi aikin gwaji a asibitin yankinsu, akwai kyakkyawan zaton nan zai tsaya. Haka nan magidanci mai ƴaƴa, da matar soja wadda ake yi ma mijinta canjin wurin aiki a kai a kai, da mai jinyar tsohuwa a gida, duk wannan hanya ta buɗe masu ƙofar da take rufe a da.

Amma fa akwai zato biyu da ya kamata a kawar. Na farko, cewa karatun gami yana da arha. Yawancin makarantun da suka fara shi masu zaman kansu ne, kuɗinsu kuwa ya kan zarce na jami'ar gwamnatin jiha, wadda ke rage ma ƴan jiharta farashi. Ga kuma kuɗin jirgi da masauki da abinci a kowane zuwa. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, wato APTA, ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa bashin karatun da ke kan sabon likita ya kan wuce dola dubu 100. Dolar Amurka ake nufi, kar mai karatu ya ɗauka dalar kasuwa ce. Kuɗin ya kai wajen miliyan 55 zuwa 60 na CFA. Albashin tsaka-tsaki na shekara kuwa, a 2023, kusan dola dubu 100 ne, kafin a cire haraji. Ma'aikacin asibiti ba ya tambayar ta wace hanya aka yi karatu kafin ya yanka albashi, saboda haka duk abin da ɗalibi ya ƙara biya, daga aljihunsa ne har ya gama biyan bashi.

Zato na biyu shi ne cewa ana iya haɗa wannan karatu da aikin albashi. South College da Baylor sun matse karatun shekara 3 cikin shekara 2. Wanda ya shiga irin wannan tsari ba shi da sauran lokacin neman kuɗi, ko da yana kwana cikin ɗakinsa. Akwai wasu, kamar tsarin Jami'ar St. Augustine, da suka shimfiɗa karatun, ana aikin hannu a ƙarshen mako, domin masu aiki. Suna ɗaya ne, amma nauyin ya sha bamban.

Duk wannan lissafin kuɗi da lokaci ne. Babbar magana tana ga hannu.

A Amurka, wannan sana'a ta taso ne daga jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Farko. Mata ne suka kafa ƙungiyarta a 1921, Mary McMillan tana shugabarsu. Ciwon shan inna, wanda ya kama kusan mutum dubu 58 a Amurka cikin 1952 kaɗai, shi ya ƙara bunƙasa ta. Tun daga wancan zamani har yau aikin bai canza asali ba: a taɓa jiki, a ji inda tsoka ta ƙage, a san iyakar da gaɓa za ta lanƙwasu ba tare da an yi ɓarna ba. Ana auna ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5, kuma bambancin 4 da 5 a tafin hannun likita yake, gwargwadon yadda majinyaci ya ture shi. Tayar da mai shanyewar ɓarin jiki daga gado zuwa kujera yana da inda ake sa ƙafa da inda ake riƙe ƙugu. Wanda ya kuskure, ko majinyaci ya faɗi, ko shi ya ɓata bayansa. Maɗorin gargajiya ma bai gaji sana'arsa da baki kawai ba, sai da ya yi shekaru yana riƙe ma mahaifinsa ƙafar da ta karye.

Ɗalibin da ke cikin aji yana yin wannan aiki kusan kowane mako. In ya sa yatsa inda bai dace ba ranar Talata, malami ya gyara masa nan take, ranar Alhamis ya sake gwadawa a kan wani abokin karatu mai jiki dabam, mai ƙiba ko ramamme. Ɗalibin gami kuwa yana samun darasin hannu a dunƙule cikin ƴan kwanaki, sa'an nan ya koma gida ya yi makonni yana gwaji a kan matarsa ko ƙanensa, yana ɗaukar hoton bidiyo yana aika ma malami. Malami yana iya ganin inda hannu ya sauka, amma ba ya iya jin nauyin da hannun ya saki. Kuskuren da aka maimaita wata guda ba tare da gyara ba, ya zama ɗabi'a, kuma cire ɗabi'a ya fi koyon sabon abu wuya.

Masu kare karatun gami su kan kawo hujjar jarrabawa. Suna cewa ɗalibansu suna cin jarrabawar ƙasa, wato NPTE, kamar kowa. Gaskiya ne CAPTE ta ɗora ma kowace makaranta sharaɗi: kashi 85 cikin 100 na waɗanda suka gama su ci jarrabawar, kashi 80 na ɗalibai su kai ƙarshen karatu, kashi 90 su samu aiki, kuma a buga waɗannan alƙaluma kowa ya gani. Ya kamata mai neman shiga ya duba su. Sai dai jarrabawar nan a gaban kwamfuta ake yin ta, tambaya ce da zaɓin amsa, ana neman maki 600 cikin 800. Ba a kawo majinyaci cikin ɗakin. Wanda ya saba karatu gaban allo ba abin mamaki ba ne ya ci jarrabawar allo. Tana auna ilimin kai, kuma wannan wajibi ne, amma ba ta ce komi ba game da hannu.

Nijar ta taɓa gwada koyarwa daga nesa. Daga 1964 an soma telebijin na makaranta, darasi yana fitowa daga Yamai zuwa azuzuwan firamare. Ko a lokacin, waɗanda suka shirya abin ba su bar yara da akwati kaɗai ba, sun sa mai kula cikin kowane aji, yana duba allon kowane yaro. In koyon baƙi da ƙidaya yana bukatar mutum a kusa, ina ga koyon miƙe gwiwar da aka yi ma aiki.

Inda hanyoyin biyu suke haɗuwa shi ne istaji, wato aikin gwaji a asibiti ƙarƙashin ƙwararre. CAPTE ta wajabta aƙalla mako 30 na cikakken lokaci, ko ta wace hanya aka bi. A nan ne ake cike giɓi, in za a cike shi. Tsohuwar jami'a mai asibitin kanta ta san likitocin da take tura ma ɗalibai shekara da shekaru. Makarantar da ɗalibanta suke warwatse cikin jihohi da yawa kuwa, sai ta nemi wuri ga kowane ɗaya a garin da malamanta watakila ba su taɓa takawa ba. Saboda haka kafin ɗalibi ya sa hannu a takardar bashi, ya dace ya tambaya: wa zai nemo wurin istaji, makaranta ko shi? Kwana nawa ne na aikin hannu a shekara, kuma ɗalibi nawa ke gaban malami guda a waɗannan kwanaki? Ana koyon sassan jiki a kan gawa ko a kan hoto? Makarantar ta samu cikakkiyar amincewar CAPTE, ko har yanzu tana matakin jira? Wannan ta ƙarshe tana da haɗari ƙwarai, domin sababbin makarantu sun yi yawa, kuma wanda ya gama a inda ba a amince ba, hanyarsa ta zuwa jarrabawar ƙasa a toshe take.

Matashin da ya fito daga digirin farko, bai taɓa ɗaga majinyaci ba, ba shi da iyali, kuma jami'ar jiharsu ta ba shi wuri, ba shi da dalilin barin aji. Zai biya kaɗan, hannunsa kuma zai samu gyara kowane mako. Karatun gami ya fi dacewa da wanda hannunsa ya riga ya faɗa: mataimakin likita da ya yi shekaru a ɗakin motsa gaɓoɓi, ko ma'aikacin jinya na soja, ko mai kula da raunin ƴan wasa. Irin wannan mutum ya san nauyin ƙafar da ta shanye, abin da ya rage masa shi ne ilimin littafi da takardar shaida, kuma intanet tana iya kai masa darasin har gida. Shi ma sai in akwai asibiti kusa da shi da ya yarda, a rubuce, zai karɓe shi istaji.