Ƙofar Karen Mota

Jama'a, duk direban gingimarin da kuka gani yana ɗaukar dabbobi daga kasuwannin Alakos, ko yana bin babbar hanyar Gure zuwa Damagaram, ta ƙofa ɗaya ya shiga sana'ar: ya yi karen mota. Shekara da shekaru yana ɗaurin kaya, yana canza taya, yana kwana ƙarƙashin mota a tasha, kafin maigida ya miƙa masa sitiyari. Wannan ƙofa ce ta rufe wa 'ya'yanmu mata hanya, domin babu uban da zai bar 'yarsa ta kwana a haka, ni ma ba zan bari ba. Amma batun ƙarfi, a bar shi; macen da ke jan guga a rijiya mai zurfi tun asuba ba sitiyari ne zai gagare ta ba. A Ghana, kamfanin Ladybird Logistics ya horar da mata a makaranta, ga su nan suna tuƙa tankokin mai zuwa wuraren haƙar zinariya. Mu kuwa tun 2011 matatar SORAZ ke cika tankoki a nan jiharmu ta Damagaram, ganga dubu 20 a rana aka gina ta ta tace. Ina kira ga masu motoci da hukuma su buɗe ajin tuƙin manyan motoci na mata, su biya musu kuɗin lasisi, su fara ba su tafiyar yini guda, sannan a keɓe musu makewayi da ɗakin hutu a kowace tasha.