SHARHI: Sabuwar dokar haraji ta ƙidaya kuɗin haya, ta bar bakunan da ma'aikaci ke ciyarwa

Tun ranar 1 ga Janairun 2026 sabuwar Dokar Haraji ta Najeriya ta fara aiki, wata shida bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanya mata hannu a ranar 26 ga Yunin 2025. Dokar ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, ta kuma ware wa 'yan haya rangwame na musamman. Sai dai ba ta tambayar mai biyan haraji mutum nawa ke ci daga albashinsa. Wannan giɓi ya fi fitowa fili a kan wani rukuni da ba a cika ambatonsa ba, wato marasa aure da suka haɗa kuɗi suka kama gida ɗaya, kowannensu kuma da nasa nauyin.

Irin wannan zama ba baƙo ba ne a Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Tarauni. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya, ga kasuwar waya ta Farm Centre, ga tashar mota ta Unguwa Uku, kuma dukansu suna jawo masu neman muhalli kusa da wurin aiki. Za a samu zawarawa biyu sun raba gida, kowace da 'ya'yanta, ko samari biyu sun kama ciki da falo, wannan yana aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane a ƙauye, wancan yana biya wa ƙannensa kuɗin makaranta.

Abin da dokar ta tanada

A Najeriya kowane mutum da kansa ake yi wa lissafin haraji, ko yana da aure ko ba shi da shi. Bayan Naira 800,000 ɗin da aka yafe, ana karɓar kashi 15 cikin ɗari a kan Naira miliyan 2.2 da ke biye, sannan kashi 18, da 21, da 23, har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura Naira miliyan 50. Kafin a yi lissafin ana cire kuɗin fansho, da na asusun gidaje, da na inshorar lafiya, da kuɗin inshorar rai ta mutum ko ta abokin aurensa. Sai rangwamen haya, wanda shi ne kashi 20 cikin ɗari na abin da mutum ya biya a shekara, amma ba zai wuce Naira 500,000 ba, kuma da sharaɗin a bayyana ainihin kuɗin da aka biya.

A ɗauki misalin mata biyu, kowace na karɓar Naira 200,000 a wata, wato miliyan 2.4 a shekara, suna zaune a gidan Naira 600,000, kowace tana biyan rabi. Idan aka ajiye batun fansho a gefe don lissafin ya yi sauƙi, kowace za a cire mata Naira 60,000, harajinta ya kama Naira 231,000. Ba don rangwamen ba da Naira 240,000 za ta biya, ke nan abin da ya rage mata a hannu Naira 9,000 ne a shekara. A ƙarƙashin tsohuwar doka mai wannan albashi kan biya kusan Naira 249,000, don haka an samu sauƙi, ko da yake ba mai yawa ba ne.

Matsalar farko tana cikin rasit. Dillali ko mai gida kan rubuta sunan mutum ɗaya, wani lokaci ma ba a ba da takarda sam. Idan sunan ɗaya ce kaɗai a rasit, ita ce ke da shaidar Naira 600,000, abokiyar zamanta kuwa ba ta da abin nunawa. Idan mai sunan ta nemi rangwame a kan kuɗin gaba ɗaya, ta bayyana abin da ba ta biya ba, ita kuma ɗayar ta yi asarar haƙƙinta. Mafita ita ce a sa sunayen biyu a yarjejeniyar haya tare da kason kowa, a biya ta banki, sannan kowace ta miƙa shaidarta ga sashen albashi na wurin aikinta ko ga Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Kano, tunda jihohi ne ke karɓar harajin mazauna cikinsu.

Matsala ta biyu ta fi girma. Abokin aikinsu da ke karɓar albashi iri ɗaya, yana biyan haya iri ɗaya, ba ya ciyar da kowa sai kansa, shi ma Naira 231,000 zai biya. Wanda kuwa yake zaune a gidan gado yana riƙe da iyaye da ƙanne, ba shi da rangwamen haya ko na sisi. Sai mai biyan hayar Naira miliyan 2.5 a shekara ne zai ci cikakken rangwamen Naira 500,000, kuma ba shi ne talakan Unguwa Uku ba.

Yadda aka zo nan

A da, dokar harajin kuɗin shiga ta tanadi rangwamen Naira 2,500 a kan kowane ɗa har zuwa huɗu, da Naira 2,000 a kan dangin da mutum ke riƙe da su har zuwa biyu. An bar adadin a wuri ɗaya shekara da shekaru har hauhawar farashi ta cinye shi. Gyaran 2011 ya kawo dunƙulallen rangwame na Naira 200,000 da kashi 20 na kuɗin shiga, wanda bai bambanta mai iyali da marar iyali ba. Dokar Kuɗi ta 2019, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2020, ta share rangwamen 'ya'ya da na dangi. Dokar 2025 kuma ta soke dunƙulallen rangwamen, ta kawo na haya.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanyar. A Amurka akwai matsayin shugaban gida, wanda ake bai wa marar aure da ke ɗaukar fiye da rabin ɗawainiyar gida tare da wanda yake riƙo. A 2024 ana cire wa mai wannan matsayi Dala 21,900 kafin lissafi, gwauron da ba ya riƙon kowa kuma Dala 14,600. Mahaifa ba sai suna zaune tare da shi ba, muddin shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin gidansu. Mutum biyu da ke ƙarƙashin rufi ɗaya ma suna iya samun matsayin, idan suka nuna cewa kowa da tukunyarsa da lissafinsa. Faransa tana raba kuɗin shigar gida gwargwadon yawan mutanensa kafin ta ɗora haraji. Ghana tana da rangwame ga marar auren da ke riƙe da 'ya'ya biyu ko fiye, da kuma mai kula da tsofaffin dangi. Makwabciyarmu Nijar ma tana rage harajin albashi bisa yawan waɗanda ma'aikaci ke ɗauke da su.

Masu goyon bayan tsarin Najeriya suna da hujjarsu. Tantance wa ke riƙon wa abu ne mai wuya a ƙasar da ba kowane yaro ake yi wa rajistar haihuwa ba, kuma kowane rangwame ƙofa ce ta maguɗi. Amma wannan hujja ta yi rauni yanzu da lambar NIN ta zama shaidar mai biyan haraji, domin ana iya ɗaura kowane yaro a kan mai riƙo ɗaya tak. Rasit ɗin haya, wanda dokar ta amince da shi, bai fi takardar haihuwa wuyar ƙirƙira ba.

Lokacin da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a Oktoban 2024 suka ƙi amincewa da ƙudirorin gyaran haraji, hankalinsu ya tafi ne kan rabon harajin VAT tsakanin jihohi. Batun yawan iyali, wanda ya fi shafar Arewa, bai samu irin wannan kulawa ba. Gwamnatin Kano da ta aurar da mata 1,800 a Oktoban 2023, cikinsu har da zawarawa, ta san nauyin da ke kan macen da ke riƙon 'ya'ya ita kaɗai, amma ba ta da ikon ƙara rangwame, domin tsarin mulki ya bai wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa hurumin yin dokar harajin kuɗin shiga. Don haka 'yan majalisar tarayya ne ya kamata a tambaya, tun daga mai wakiltar Tarauni har sanatocin Kano uku, ko za su gabatar da gyaran da zai dawo da rangwamen 'ya'ya da na iyaye, da adadin da zai riƙa tafiya tare da farashin kaya. Zaɓen 2027 dama ce ta neman amsarsu kafin a jefa musu ƙuri'a.