Megafiksel ko Zum: Wanne Ya Kamata Ka Biya Wa Kuɗinka?

Tambayar da ɗalibai, musamman masu koyon aikin jarida, suka fi aiko wa wannan fili ita ce: idan kuɗi ba su kai a sami komai ba, wace kyamara za a saya, mai yawan megafiksel ko mai dogon zum? Amsata ba ta sauya ba. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ita ce ta ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba.

Megafiksel ɗaya na nufin ɗigo miliyan ɗaya da ke haɗuwa su zama hoto. Kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya ƙera a kamfanin Kodak a 1975, ɗigo 10,000 kacal take ɗauka. A wancan zamani kowane ƙari ci gaba ne. Yau kuwa an wuce nan. Hoton da za a wanke a girman inci 4 da 6 bai buƙatar fiye da megafiksel 2 da 'yan kai. Wanda zai cika takardar A4 da kyau, megafiksel 9 sun ishe shi. Mai aika hoto ta WhatsApp ma, manhajar kan matse shi kafin ya isa.

Shi kuwa zum iri biyu ne, kuma a nan ne ake yi wa mai saye rufa-ido. Akwai na gilashi, inda gilasan kyamara ke motsawa su janyo abin da ke nesa ba tare da hoton ya rasa ɗigo ko ɗaya ba. Akwai kuma na dijital, wanda yanke tsakiyar hoto ne kawai a buɗa shi. Lissafinsa ba shi da tausayi: in ka ninka girma sau biyu ta wannan hanya, rubu'in ɗigon ne ke saura. Megafiksel 20 sun koma 5. In ka sake ninkawa, sun koma ɗaya da kwata. Wanda ya tsaya a bayan taro ranar Hawan Daushe yana son fuskar mahayi da adon dokinsa, gilashi ne zai kai shi, ba yawan ɗigo ba.

Sai dai dogon zum ma ba kyauta yake zuwa ba. Nikon P1000 ta 2018 tana janyowa har ninki 125, amma farantin da ke kama haske a cikinta bai kai faɗin farce ba, alhali na manyan kyamarori milimita 36 ne da 24. Ƙaramin faranti kan gaza idan haske ya yi ƙaranci, sai hoto ya fito da dishi-dishi. Sannan iya nisan da ka janyo, iya yadda rawar hannunka za ta bayyana.

Saboda haka shawarata ita ce ka fara da tambayar kanka inda za ka tsaya. Mai ɗaukar hawa, wasan ƙwallo ko giwayen Yankari, ya nemi zum na gilashi da na'urar hana rawa. Mai ɗaukar biki da suna a cikin ɗaki, ya fifita babban faranti. Daga megafiksel 12 zuwa sama, kada ka ƙara ko sisi domin lamba kawai.

Kafin ka biya, ɗauki hoto a cikin shagon, a lungun da ya fi duhu, ka buɗa shi ka duba da idonka. Gani ya kori ji.